MAƘALAR MAKO: Kalmar "Kaya" Daga Sirdin Doki Zuwa Diyyar Gona

Wannan makon za mu duba kalmar da muke furtawa kullum ba tare da mun tsaya mun auna nauyinta ba, wato "kaya".

Ma'anarta ta farko ita ce abin da ake ɗauka, a ka ko a bayan jaki. Da wannan ma'anar fataken da ke zuwa Gwanja sayen goro suka san ta. Amma tana da ma'ana ta biyu: abin da ke bin wani abu, wanda ba ya cika sai da shi. Kayan miya, kayan aiki, kayan ɗaki, kayan sarauta. Idan dillali ya ce "doki da kayansa", mai saye ya san har da sirdi, linzami, likkafa da jalala. Idan bai faɗa ba, sai a tambaya, don kada a je gida da zallan doki. A wannan ma'ana ta biyu ne rigimar ciniki da ta gado ke ɓuya.

Magabatanmu sun san haka, kuma alƙalansu suna da ma'auni a littattafan Malikiyya da ake karantawa a zaurukanmu. Muwaɗɗa ta Imamu Malik ta kawo hukuncin cewa wanda ya sayar da dabinon da aka riga aka yi wa barbara, 'ya'yan nasa ne, sai dai in mai saye ya gindaya sharaɗi. Muhtasar na Shehu Halilu, malamin Masar na ƙarni na 14, ya faɗaɗa batun. Cinikin ƙasa ya haɗa da gini da itatuwan da ke kanta, amma bai haɗa da shukar da ke ciki ba. Cinikin gida ya haɗa da abin da aka kafe, kamar ƙofa, dutsen niƙa da aka gina, da tsanin da aka buga wa ƙusa. Abin da ake iya ɗagawa a fita da shi, yana bin mai shi.

Al'ada ta ƙara nata. A ƙauyuka da dama, gona tana iya zama ta wani, ɗorawa ko kuka ko tsamiyar da ke tsakiyarta ta wani. Shi ya sa dattawa ba sa tashi daga wurin cinikin gona sai an ambaci itatuwa a gaban shaidu. Haka kayan ɗaki. Suna cikin gidan miji, amma ba sa bin gidan. Gado, tasoshi da kwanukan jere na matar ne, kuma idan aure ya mutu da su take tafiya. Fiƙihu ma ya ce in ma'aurata suka yi jayayya a kan kayan gida, abin da aka san na mata ne a bai wa matar bayan ta yi rantsuwa.

A fada kuma lamarin ya sha bamban. Kayan sarauta suna bin gadon sarauta, ba mutumin da ke kai ba. A Kano ana danganta kakaki, figini da takalmin gashin jimina ga Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Habe sun wuce, Fulani sun zo, Turawa sun ci Kano a 1903, amma waɗannan alamu suna nan a gidan. Katsina na da takobinta Gajere. Turawa da suka zo sai suka ƙara sandar girma a cikin jerin. Sarki yana iya rasuwa ko a sauke shi, 'ya'yansa su raba rigunansa da dawakinsa na kansa, amma ba a sa kayan sarauta a rabon gado.

Babban juyi ya zo ta hanyar dokar ƙasa. A 1910 Turawan mulkin mallaka suka ayyana cewa ƙasar Arewa tana ƙarƙashin ikon Gwamna, yana riƙe da ita domin amfanin 'yan ƙasa. Gwamnatin Jihar Arewa ta sabunta tsarin a 1962. A watan Maris na 1978 gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta shimfiɗa shi a kan Najeriya baki ɗaya, ta damƙa ƙasar kowace jiha amana a hannun gwamnanta. A ƙarƙashin wannan doka, idan gwamnati ta karɓi fili don aikin jama'a, diyyar da take biya ta abin da ke kan filin ce: gini, amfanin gona, da sauran gyaran da mai wurin ya yi. Ke nan abin da Halilu ya ɗauka a matsayin mabiyi shi ne yanzu ake ƙirgawa a biya kuɗinsa. Manomin da ya raina rijiyarsa da mangwaronsa ranar da ma'aikata suka zo ƙidaya, ya yi asarar abin da doka ta yarda nasa ne.

Mu kuma 'yan yau sai mu rubuta takardar cinikin gida da layi biyu, mu sa hannu. Bayan wata guda a tarar mai sayarwa ya kwance tankin ruwa, ya cire injin burtsatse da farantan sola, a wuce wurin mai unguwa, daga nan kotu. Abin mamaki, idan waya za mu saya, sai mun tambaya ko da caja da kwali. Tambayar da kakanninmu ke yi a kan doki ke nan, amma a kan gida da gona mun bar ta. Duk mai shirin saye, sayarwa ko rabon gado, ya lissafa kayan ɗaya bayan ɗaya a rubuce, a gaban shaidu.

Muna jiran 'yan uwa su faɗa mana yadda ake yi da itatuwan gona a garuruwansu. Allah Ya kai mu mako mai zuwa lafiya.