Rumadan Zazzau da Nauyin da ke kan Gidajen Tarihi

In muka kai ɗalibai ganin ganuwar Zariya ko fadar Sarkin Zazzau, labarin sarauta da jarunta muke ba su. Ba kasafai muke ambaton waɗanda suka noma hatsin da ya ciyar da birnin ba. Alhali a ƙarni na 19 rumada ne suka kewaye Zariya, inda bayi ke noman gandun iyayengijinsu. A 1977 Jan Hogendorn ya wallafa bincike a kan biyu daga cikinsu, watau Biye da Hanwa. Shigowar Turawa a 1902 ba ta kawar da bauta nan take ba. Dokar Lugard ta ce wanda aka haifa daga 1 ga Afrilu 1901 ɗa ne, amma sai a 1936 aka soke bautar ɗungurungum a Arewa.

Wahalar ita ce jikokin ɓangarorin biyu maƙwabta ne, kuma gorin asali yakan hana aure. Saboda haka muna ganin ya kamata gidan tarihi ya bayyana tsarin filla-filla: gandu, gayauna, murgu da fansa. Sunayen zuriya kuwa a bar wa masu su, su ambata in sun so.