Hobakiraf na Ɗalibai

Hobakiraf jirgi ne da ke tafiya a kan matashin iskar da shi da kansa yake hurawa ƙarƙashinsa, ta yadda cikinsa ba ya taɓa ƙasa ko ruwa. Ƙanana daga cikinsa, waɗanda ɗalibai ke haɗawa da hannu a gida ko a makaranta, sun zama sanannen aikin koyon injiniyanci da sarrafa mutum-mutumi. Jami'ar Maryland ta Amurka ta yi shekaru tana sa ɗaliban injiniyanci na shekarar farko su ƙera mai tuƙa kansa, haka kuma gasar kimiyya ta makarantun Amurka, Science Olympiad, ta sha sanya shi cikin abubuwan da ake fafatawa a kai.

Asali

Mafarin jirgin ma gwajin gida ne. Injiniyan Ingila Christopher Cockerell (1910–1999), wanda ya yi aikin rediyo a kamfanin Marconi kafin ya koma harkar kwalekwale, ya zura ƙaramin gwangwani cikin babba, ya hura iska ta ratar da ke tsakaninsu, ya auna ƙarfin turinta da sikelin kicin. Ya ga iskar da ta fita ta siririn zobe ta fi wadda ta fita ta buɗaɗɗen baki ƙarfin ɗagawa. Ya nemi rajistar ƙirƙirar a 1955. Kamfanin Saunders-Roe ya gina SR.N1 bisa wannan tunani, kuma jirgin ya tsallaka teku daga Calais a Faransa zuwa Dover a Ingila ranar 25 ga Yuli 1959. Daga baya aka ƙara siket mai lanƙwasa a gefen jiragen, abin da ya ba su damar haye igiyar ruwa da ƙananan tudu. Manyan SR.N4 sun yi jigilar mutane da motoci a wannan mashigi daga 1968 zuwa 2000.

Yadda yake tashi

Lissafin ɗagawa gajere ne: matsin iskar da ake buƙata shi ne nauyin jirgi a raba da faɗin cikinsa. Jirgi mai kilo 1, mai tsawon santimita 40 da faɗin 30, yana buƙatar matsi na kusan faskal 82 kacal, abin da bai kai kashi ɗaya cikin dubu na matsin iskar da ke kewaye da mu ba, wanda ya ɗan haura faskal 101,000. Shi ya sa faifan katako mai faɗin mita 1.2, da tampol a ƙarƙashi, da injin hura ganye a sama, ke iya ɗaga babban mutum. Idan duka nauyin ya kai kilo 80, matsin bai wuce faskal 700 ba.

Sai dai iskar ba ta zama. Tana zurarewa ta ƙasan siket a kowane lokaci, kuma wannan siririyar iskar mai fita ita ce ke raba jirgin da ƙasa. Dole fankar ɗagawa ta riƙa maye abin da ya fita tare da riƙe matsi. Nan ne masu farawa da yawa ke tuntuɓe, domin fankar sanyaya kwamfuta tana tura iska sosai a sarari, amma da ta gamu da turjiya sai ƙarfinta ya faɗi. Fanka mai siffar dodon koɗi, wadda ke jan iska ta tsakiya ta watsa ta gefe, ta fi jure matsi.

Kayan haɗi

Ana yanka gangar jikin daga farin soson da ake naɗe firiji da talabijin da shi, ko wani allo maras nauyi. Siket kuwa daga leda mai kauri ko yadin lema. Mafi sauƙi shi ne siket mai kamar jaka, wanda ke kumbura ya zagaye jirgin, da 'yan huji ta ciki da ke sakin iska zuwa tsakiya. Akwai mai 'yan yatsu, wato ƙananan aljihuna jere da juna, wanda ya fi kyau a ƙasa mai gargada amma ya fi cin lokaci wajen ɗinki. Siket ne ya fi komai arha a jirgin, kuma shi ne ya fi yanke hukunci kan ko zai tashi daidai. Idan huji ya yi yawa jakar ba ta kumbura, idan ya yi kaɗan sai ta yi tauri ta riƙa jan ƙasa.

Yawanci fanka biyu ake sawa, ɗaya ta ɗagawa, ɗaya ta turawa a baya, da filafili a bayanta wanda ƙaramin injin sarbo ke karkatawa don juya akala. Wasu na sa fankar turawa biyu, hagu da dama, su juya jirgin ta hanyar ƙara wa ɗaya gudu. Wuta na zuwa daga batirin litiyam-folima mai bolt 3.7 a kowane ɗaki, wato 7.4 a mai ɗaki biyu, 11.1 a mai uku. Ƙwaƙwalwar jirgin sau da yawa allon Arduino ce, wanda aka fara ƙerawa a Ivrea ta Italiya a 2005. Batir ya fi sauran kaya nauyi, don haka da shi ake daidaita jirgin. Idan jirgin ya karkata gefe ɗaya, iska za ta tsere ta ɗaya gefen.

Wahalar tuƙi

Tayar da hobakiraf aikin yini ɗaya ne. Sa shi ya bi layi miƙe shi ne aikin zango guda, kuma a nan darajarsa take ga mai koyo. Mutum-mutumi mai taya yana tsayawa idan an kashe inji, kuma ana iya ƙirga juyin tayarsa a san nisan da ya yi. Hobakiraf ba shi da ko ɗaya. Ba shi da birki. Idan aka karkata hancinsa, jikinsa na ci gaba da sulɓewa ta inda ya dosa tun farko, sai turin fanka ya sauya masa hanya sannu a hankali. Daɓen da ido ke gani a shimfiɗe, shi yana jin gangarensa ya bi. Ko fankar ɗagawa kanta matsala ce, domin yayin da take juyawa dama tana murɗa gangar jikin hagu, sai a ga jirgin yana kewaya kansa ba wanda ya taɓa shi.

Maganin da aka saba shi ne a ɗora na'urar jin juyi, irin MPU-6050, wadda ke auna saurin karkatar jirgin sau da dama a cikin daƙiƙa. Manhajar da ɗalibi ya rubuta tana kwatanta inda hanci ke kallo da inda ake so, ta gyara filafili. Gyara bisa girman kuskure kaɗai ba ya isa, domin babu gogayyar da za ta kwantar da jirgin, sai ya riƙa wuce gona da iri yana lilo hagu da dama. Dole a ƙara gyara bisa saurin canjin kuskuren, wanda ke rage ƙarfi tun kafin a iso. Waɗannan gyare-gyare biyu sassa ne na tsarin PID da ake koyarwa a ajin sarrafa na'urori, kuma da wuya a sami abin da ke nuna amfanin kowane sashensa ƙarara kamar jirgin da ba ya riƙe ƙasa. Don kauce wa bango ana ƙara na'urar auna nisa da amon sauti, kamar HC-SR04, mai gani daga santimita 2 zuwa kusan mita 4, ko da yake girgizar fanka kan rikita karatun na'urori idan ba a ɗora su kan soso ba.

Kariya

Farfela mai gudu tana yanka yatsa, don haka a rufe ta da raga, kuma a cire batir kafin a kai hannu. Batirin litiyam-folima na iya kamawa da wuta idan aka huda shi ko aka yi masa caji fiye da bolt 4.2 a ɗaki, kuma yana lalacewa idan aka zuƙe shi ƙasa da bolt 3 a ɗaki. A yi masa caji da cajar da aka yi dominsa, a kan siminti, da mutum a kusa. Gwajin farko ya fi dacewa a daɓe mai santsi cikin ɗaki, domin ciyawa da tsakuwa na shanye matashin iskar, yashi kuma fanka na tayar da shi ya shiga ido da inji.