Gwaji da dabbobi a binciken ciwon matsanancin ƙuncin numfashi

Ciwon matsanancin ƙuncin numfashi, wanda likitoci ke taƙaitawa da ARDS, yanayi ne da huhu ke kumbura farat ɗaya, ruwa ya cika ƙananan jakunkunan iska, har iskar oksijin ta kasa shiga jini yadda ya kamata. David Ashbaugh da abokan aikinsa ne suka fara bayyana shi a 1967, daga marasa lafiya 12 a birnin Denver na Amurka. Da yake ba a iya jawo wa mutum ciwon da gangan, masu bincike suna kwaikwayonsa a jikin dabbobi.

Dabbobin da ake amfani da su

An fi amfani da ɓeraye saboda arha da sauƙin sauya musu ƙwayoyin halitta. Ana kuma amfani da zomaye, tumaki da aladu. Manyan dabbobi sun fi dacewa da injin taimakon numfashi irin na asibiti.

Hanyoyin jawo rauni

Akan ɗura gubar bakteriya mai suna LPS ta maƙogwaro ko ta jijiya domin ta tayar da kumburi. Akan zuba asid a huhu don kwaikwayon shaƙar amai. Akwai kuma allurar asid na oleyik, da wanke huhu da ruwan gishiri, da barin dabba cikin oksijin mai yawa.

Amfani

A 1974, Webb da Tierney sun nuna cewa hura iska da ƙarfi a huhun ɓeraye tana sa ruwa ya taru a ciki. Wannan ya taimaka wajen gane cewa injin numfashi kansa yana iya raunata huhu. A 2000, wani gwaji kan marasa lafiya 861 ya nuna cewa rage iskar da ake hurawa daga mililita 12 zuwa 6 a kowane kilon nauyin jiki ya rage mutuwa daga kusan kashi 40 cikin 100 zuwa 31.

Matsaloli

Babu hanya guda da ke kawo dukkan alamomin ciwon. Dabbobin gwaji galibi matasa ne masu lafiya, alhali majinyata kan kasance tsofaffi masu wasu cututtuka. Garkuwar jikin ɓera ma ta bambanta da ta mutum. Shi ya sa magunguna da yawa da suka yi aiki a dabbobi suka gaza a mutane. Ƙa'idojin da Russell da Burch suka gabatar a 1959 sun buƙaci a nemi madadin dabbobi, a rage adadinsu, a kuma sassauta musu wahala.