Tausayi

tàusàyī *sn., nj.*, ba jm.

1. Zafin da zuciya ke ji kan wahalar wani: *Na ji ~n manoman albasar Galmi da farashi ya faɗi.*

2. Tallafi tsakanin waɗanda wahala ɗaya ta haɗa: *Don ~, masu jinya a asibitin Galmi kan raba hura da wadda guzurinta ya ƙare. Matan asusu a Malbaza sun bar wa mai takaba kwasar farko saboda ~.*

3. *ban ~*, mai sosa rai: *Yunwar 2005 a Illela, abin ban ~.*

tausàyā *fi.* (da *wa*/*ma*): *Inna, tausaya mini, daga Ƙonni nake.* ‖ mài ~, jm. mā̀su ~ ‖ rashìn ~.

*Kish.* ƙeta. *Dubi* jaje, jinƙai, zumunci.