Ɗanɗanon Ƙarfe A Baƙar Giya: Tarihin Matsalar Da Ta Haura Shekara 200

Mai karatu, ka taɓa riƙe makullan gida ko tsabar kuɗi na ɗan lokaci, sannan ka shinshina tafin hannunka? Ko ka ciji leɓenka bisa kuskure, ka ji bakinka kamar ka lashi ƙusa? To wannan ƙarnin shi ne maganarmu ta yau. Za mu bi sawunsa ta cikin tarihin baƙar giyar Turai, saboda masu dafa ta sun daɗe suna kokawa da shi, suna kuma rubuta abin da suka gano. Na san akasarin masu bibiyar wannan shafi ba mashaya ba ne. Sai dai sinadaran da ke cikin labarin su ne dai ke aiki a ruwan burtsatse mai ɗanɗanon tsatsa, da kuma ƙwayar ƙarin jini da ake ba masu juna biyu.

Daga ina baƙin ya fito?

Ana yin giyar Turai ne da tsiron sha'ir. A jiƙa hatsin ya fara tsirowa, a busar da shi, a niƙa, a dama da ruwan zafi har sitacin ya koma sukari. Idan ka san yadda ake sa tsiro a kunun zaƙi, ka san rabin aikin. Daga nan sai a tace, a tafasa ruwan da wani fure mai ɗaci da ake kira hops, a zuba yis. Launin giyar ya dogara ne ga irin wutar da tsiron ya sha. Wanda aka busar a hankali fari yake fitowa, wanda aka gasa sosai kuwa sai ya yi baƙi kamar 'ya'yan kofi.

A Landan, wajen shekarun 1720, wata giya mai duhu ta yi farin jini a wurin 'yan dako, har aka laƙaba mata sunansu da Turanci, wato fota. Mai ƙarfinta ita ce daga baya aka riƙa kira sitawut. Da farko da tsiro mai ruwan ƙasa zalla ake yin ta. Zuwa ƙarshen ƙarni na 18, da aka fara amfani da na'urar auna sukari, sai masu masana'antu suka gane cewa farin tsiro ya fi ba da sukari nesa ba kusa ba. Suka karkata gare shi don riba, amma fa masu saye baƙar giya suka sani. Aka shiga neman abin da zai ba da launi. A 1817 wani mutum mai suna Daniel Wheeler ya yi rajistar wata dabara: gasa tsiro a cikin gangar ƙarfe mai juyawa, irin ta gasa kofi, a zafin da ya haura digiri 200 na Salshiyos. Ɗan kaɗan daga wannan tsiron ya isa ya baƙanta tukunya guda. Riƙe sunan Wheeler, za mu dawo kansa.

Ƙofa ta farko: hannun ɗan Adam

Ƙarfen farko da ya yi suna a cikin fota, da gangan aka zuba shi. Mashayan Landan suna auna ingancin giya da kumfarta. Mai gidan giyar da ya tsarma hajarsa da ruwa kuwa, kumfa ce ke fara tona masa asiri. Dabarar da suka samo ita ce wani haɗi na alam da gishiri da wani koren sinadari, feros salfet. Wannan koren sinadarin shi ne dai ke cikin yawancin ƙwayoyin ƙarin jini na yau, kuma duk wadda ta sha su ta san yadda suke barin baki.

Me ya sa dabarar ke aiki? Kumfar giya tana tsayawa ne saboda furotin na hatsi da sinadaran ɗaci na hops suna taruwa a bangon kowane ƙwayar kumfa. Ƙarfen da ya narke sai ya zama kamar ƙugiya, ya ɗaure su wuri guda, kumfar ta yi kauri ta daɗe ba ta kwanta ba.

Majalisar Birtaniya ta haramta irin waɗannan haɗe-haɗe a 1816, amma ba a daina ba. A 1820 wani masanin sinadarai Bajamushe mazaunin Landan, Friedrich Accum, ya wallafa littafi kan algus a abinci da abin sha. Ya bayyana wannan haɗi, ya kuma jera sunayen waɗanda kotu ta ci tara. Littafin ya tayar da ƙura, ya kuma jawo masa maƙiya. Shekara guda bayan haka ya bar Ingila.

Ƙofa ta biyu: mazubi

Ko babu mai algus, ƙarfe na da wata hanyar. Giya abu ce mai ɗan tsami. A ma'aunin pH tana tsakanin 4 da 4.5, ruwa tsantsa kuwa yana 7. Duk ruwa mai tsami idan ya zauna a kan baƙin ƙarfe, a hankali yake cin sa. Shi ya sa tsofaffin masana'antun Ingila suka dogara ga tukwanen tagulla da manyan gangunan katako. Matsalar takan ɓullo ne ta wurin bututu, ko famfo, ko wata ƙusa da ta taɓa ruwan.

Misali mafi tsanani ya fito ne daga Afirka ta Kudu. A 1929 wani likita a Johannesburg, A. S. Strachan, ya ba da rahoton tarin ƙarfe mai yawa a hantar baƙaƙen fatar da ya bincika gawarwakinsu. Binciken da ya biyo baya ya danganta abin da giyar gargajiya ta dawa da masara, mai tsami, da ake dafawa a tukwane da gangunan baƙin ƙarfe. An auna sama da miligiram 40 na ƙarfe a lita guda ta irin wannan giya. Don ka gane girman adadin, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yawanci ba a jin ɗanɗanon ƙarfe a ruwan sha sai ya haura miligiram 0.3 a lita.

Gwangwani ma ya sha wannan gwagwarmaya. An daɗe ana zuba nama da kifi a gwangwani kafin giya ta shiga, saboda tana cin ƙarfen, ta gurɓace, ta ɗauki ɗanɗanonsa. Sai da kamfanin American Can Company ya samo wani siririn shafe na roba da ke raba ruwan da ƙarfen. Ranar 24 ga Janairu, 1935, kamfanin Krueger ya fara sayar da giyar gwangwani a birnin Richmond na jihar Bajiniya a Amurka. Har gobe kowane gwangwanin lemo da ka buɗe yana da irin wannan shafe a cikinsa.

Babban sauƙi ya zo ne da ƙarfen da ba ya tsatsa, wanda mu ke kira silba, wanda Harry Brearley ya haɗa a Sheffield a 1913. Sinadarin kuromiyam da ke cikinsa yana haɗuwa da iskar oksijin ya yi wata fata da ido ba ya gani, ita ke kare ƙarfen. Amma idan aka yi walda, ko aka kankare tanki da soson baƙin ƙarfe, fatar na lalacewa. Shi ya sa ake wanke sabon tanki da asid na naitirik ko na sitirik kafin a fara aiki da shi.

To wai me harshe ke ji?

A nan labarin ya ɗan juya. Shekara da shekaru kowa ya ɗauka ƙarfen kansa muke ɗanɗanawa. A 2004 Harry Lawless da abokan aikinsa a Jami'ar Cornell suka ba mutane ruwan feros salfet, wani lokaci hancinsu a buɗe, wani lokaci a toshe. Da aka toshe hanci, sai galibin ɗanɗanon ƙarfen ya ɓace. Ashe yawancinsa wari ne da ke tashi daga baki ya bi ta maƙogwaro ya kai hanci.

Amma ai ƙarfe ba ya tashi a iska, to warin mene ne? A 2006 Dietmar Glindemann da Andrea Dietrich da abokan aikinsu suka bayar da amsa. Idan ƙarfe ya taɓa fata mai gumi, yakan wargaza kitsen da ke saman fatar, sai wasu ƙananan sinadarai masu tashi su fito. Fitacce a cikinsu shi ne 1-octen-3-one, wanda hanci ke kamawa ko da ɗan mitsitsi ne. Wato warin da ka ji a hannunka bayan ka riƙe makulli, daga jikinka ya fito, ƙarfen tsokano shi kawai ya yi. Ƙarnin jini a fata ma haka ne, tunda jini na ɗauke da ƙarfe.

Wannan ya bayyana wata tsohuwar dabara ta masu gwajin giya. Idan suna zargin ƙarfe, sai su shafa ɗigo a bayan hannu su shinshina. Idan warin kwabo ya tashi, magana ta tabbata. Kai ma za ka iya gwadawa da ruwan burtsatsen da kake zargi.

Ƙarfe na da wata ɓarnar kuma a cikin kwalba. Tun 1894 Henry Fenton ya nuna cewa ƙarfe da haidirojin feroksaid idan suka haɗu suna da ƙarfin ƙone wasu sinadarai. Daga baya aka gane cewa wasu ɓarɓashi masu tsananin kuzari ne ke fitowa daga haɗuwar. A giya, 'yar iskar oksijin da ta shiga kwalba da ɗan ƙarfen da ke ciki sun isa su kunna wannan aiki, giyar ta tsufa da wuri, ta riƙa warin jiƙaƙƙen kwali. Saboda haka masana'antu ke ƙoƙarin riƙe ƙarfe a ƙasa da miligiram 0.1 a lita.

Ƙofa ta uku: tsiron kansa

Daga ƙarshen shekarun 1970, ƙananan masana'antun giya suka fara tasowa a Amurka da Birtaniya, suka farfaɗo da fota da sitawut. A Amurka kaɗai sun haura 9,000 a 'yan shekarun nan. Na farko-farkonsu da yawa da tsofaffin tankunan madara suka fara, ba su da ɗakin gwaji, don haka tsohuwar matsala ta dawo: ruwan rijiya mai ƙarfe, walda mara kyau, murfin kwalba mai tsatsa, da garin tacewa na kizelgur wanda shi ma kan saki ƙarfe.

Abin da ya ɗaure wa mutane kai shi ne, wani ya gyara duk waɗannan, farar giyarsa ta fito lafiya, amma baƙar ta ci gaba da ƙarni. Ruwa ɗaya, tanki ɗaya. A nan ne za mu koma ga Wheeler.

Kowace ƙwayar sha'ir na ɗauke da ƙarfenta na halitta. A farin tsiro, galibinsa a ɗaure yake da furotin da sauran sinadaran hatsin, sai ya tafi da dusa idan an tace. Gasawa mai tsanani tana canza waɗannan maɗauran. Binciken da aka yi a Turai a 'yan shekarun nan ya nuna cewa gasasshen tsiro ya fi sakin ƙarfe cikin ruwan damu. Na biyu, gasasshen tsiro ya fi tsami, yana saukar da pH na damun, ƙarfe kuwa ya fi narkewa a tsami. Na uku, sinadaran da ke ba da launin, waɗanda ke samuwa idan sukari da furotin suka sha zafi kamar yadda Louis-Camille Maillard ya bayyana a 1912, suna iya riƙe ƙarfen a cikin ruwa, wasunsu kuma su mayar da shi nau'in da ya fi kuzari. Ƙara da cewa hatsi na da ɗan mai a cikinsa. Idan niƙaƙƙen tsiro ya daɗe a ajiye, man kan lalace ya haifar da sinadarai dangin waɗanda muka gani a fata.

Maganin da masu sana'ar ke bi daga nan ya fito: auna ƙarfen ruwa, lura da pH na damu, jiƙa baƙin tsiro daban ko zuba shi a ƙarshe, amfani da sabon niƙa, da hana iska shiga kwalba. Lafiyayyen yis ma na taimakawa, don yana kwashe wani kaso na ƙarfen.

Wanda ake ji da wanda ba a ji

Kafin mu rufe, ga wani abin lura. Ƙarfen da ke ɓata ɗanɗano yana sanar da zuwansa tun yana ɗan kaɗan. Waɗanda suka yi kisa farat ɗaya a wannan tarihi shiru suka shigo. A 1900, a Manchester da kewaye, sinadarin asenik ya shiga giya ta hanyar gurɓataccen sukari. Sama da mutum 6,000 suka kamu, kimanin 70 suka mutu. A 1965 zuwa 1966 a birnin Kwibek na Kanada, likitoci suka ga wani baƙon ciwon zuciya a jikin masu yawan sha, kusan mutum 50, kuma 20 suka rasu. Da aka bi diddigi, sai aka tarar ana zuba sinadarin kobalt ne don kumfa ta tsaya. Dabarar masu gidajen giyar zamanin Accum ce ta dawo, da wani ƙarfen daban.

Don haka idan ruwan gidanku ko wani abin sha ya yi maka ɗanɗanon ƙusa, hancinka ya yi aikinsa, sai ka duba tanki da bututu da mazubi. Idan kuma bai yi ɗanɗanon komai ba, wannan ba shaidar tsabta ba ce. Dalma da asenik ba sa sallama, sai ɗakin gwaji ne ke iya kama su.