Diane Modahl: An Wanke Ta, Amma Babu Wanda Ya Biya Ta

A watan Agustan 1994, Diane Modahl tana birnin Victoria na Kanada tana shirin kare kambunta na tseren mita 800 a gasar ƙasashen renon Ingila, sai aka umarce ta da ta tattara kayanta ta koma gida. 'Yar Manchester ce haifaffiya, iyayenta 'yan Jamaika, kuma ita ta ɗauki zinare a wannan tsere a Auckland a 1990. Zargin da aka ɗora mata shi ne shan ƙwayoyin ƙara kuzari.

Tushen zargin fitsarin da aka karɓa daga gare ta ne a watan Yuni, bayan wata gasa a Lisbon ta Fotugal. Ɗakin gwajin ya ce ma'aunin sinadarin maza a cikinsa ya kai 42, alhali iyakar da doka ta yarda da ita a lokacin 6 ce. A watan Disamba, kwamitin ladabtarwa na hukumar guje-guje ta Birtaniya, BAF, mai hedikwata a Birmingham, ya dakatar da ita shekara huɗu.

Ita da mijinta Vicente, wanda shi ne mai horar da ita, suka ce atafau ba ta sha komai ba. Suka nemi masana, ciki har da Farfesa Simon Gaskell na jami'ar kimiyya ta UMIST da ke Manchester. Hujjarsu ita ce an bar fitsarin kwanaki cikin zafi ba a sa shi a firji ba, ƙwayoyin cuta suka hayayyafa suka sauya sinadaran cikinsa, kamar yadda nono ke tsami idan ya wuni a rana. A Yulin 1995 kwamitin ɗaukaka ƙara ya karɓi wannan hujja ya soke hukuncin. Hukumar duniya, IAAF, sai a Maris 1996 ta haƙura.

Daga nan aka shiga abin da ya fi tseren wuya. Diane ta maka BAF a kotu tana neman diyyar kuɗin lauyoyi, da na masana, da abin da ta rasa a lokacin da aka hana ta gudu. Ta ce kwamitin farko ya riga ya yanke mata hukunci a zuci tun kafin ya saurare ta. Shari'ar ta kai har gaban alƙalan Majalisar Iyayen Ƙasa a 1999, ta dawo babbar kotu wadda ta kori ƙarar a Disamban 2000. A Oktoban 2001 kotun ɗaukaka ƙara ta rufe maganar. Biyu daga alƙalai uku sun yarda akwai yarjejeniya tsakanin ɗan wasa da hukumarsa ko da ba a rubuta ba, wato yana da hurumin ƙara. Sai dai kotun ta ce idan aka dubi zaman kwamitocin biyu a haɗe an yi mata adalci, domin sabuwar hujja ce ta wanke ta, kuma ko wane kwamiti ne ya zauna a farko da abin da zai yanke ke nan.

A doka maganar tana da kai. A zuciyata kuwa ba ta zauna ba. Wani ya yi sakaci da kwalba a Lisbon, amma wadda ba ta aikata komai ba ita ta ɗauki asarar, dukiyar gidanta ta tafi a shari'a. Ko Jerry Tarkanian, kocin ƙwallon kwando na jami'ar Nevada, wanda kotun ƙolin Amurka ta kayar a 1988 a rikicinsa da hukumar wasannin jami'o'i ta NCAA, ya karɓi dala miliyan 2.5 na sulhu a 1998. Diane ko sisi.

Ita ma BAF ba ta sha ba. Bashi ya durƙusar da ita a 1997, kuɗin wannan shari'a na cikin dalilai, aka kafa UK Athletics a madadinta a 1999, ita ma a Birmingham. Diane ta koma fili ta ɗauki tagulla a gasar ƙasashen renon Ingila a Kuala Lumpur a 1998, ta je gasar Olamfik karo na huɗu a Sydney a 2000. A 2010 ita da Vicente suka kafa gidauniyar horar da yaran unguwannin talakawa a Manchester.