Kiɗan Skinny Puppy da Hujjar Guantanamo

Ra'ayi ne da ya daɗe a bakin wasu masu sharhi, cewa ƙungiyar makaɗa ta Skinny Puppy ba ta da komai sai hayaniya da son tayar wa jama'a hankali. A 2014 suka samu abin riƙewa, lokacin da ɗan ƙungiyar cEvin Key ya bayyana cewa ƙungiyar ta nemi gwamnatin Amurka ta biya ta dala 666,000, saboda an riƙa gallaza wa fursunonin Guantanamo da waƙoƙinta. Wai kiɗan da ya yi aikin azaba, tun asali azaba ne.

Tarihin salon kiɗansu, wato industrial, tun daga ƙungiyar Throbbing Gristle ta Ingila, S. Alexander Reed ya yi masa gamsasshen bayani a littafinsa Assimilate na 2013. Ya isa a tuna cewa Key da mawaƙi Nivek Ogre ne suka kafa Skinny Puppy a Vancouver ta Kanada a 1982.

A ganina hujjar Guantanamo ba ta tsayu ba. Duk sautin da aka ƙure aka hana mutum barci da shi zai koma azaba, har waƙar yara ta Barney sojojin Amurka sun yi wannan aiki da ita.

Mai suka zai dawo ya ce, to me ya sa muryar Ogre ke fita kamar ta wanda aka shaƙe, gangar inji na sara, ana cusa guntayen maganganu daga finafinan tsoro? Tambayar tana da nauyi, kuma amsar da zan iya tsayawa a kanta tana cikin faifai guda, VIVIsectVI na 1988. Waƙar Testure tana magana ne kan gwajin kimiyya a jikin dabbobi masu rai, VX Gas Attack kuwa kan makamai masu guba a yaƙin Iran da Iraƙi. Da sun sa wa irin wannan batu zaƙin sauti, da sun yi ƙarya. A rangadin wannan shekara Ogre yakan feɗe karen bogi a kan dandamali don nuna munin abin. A Cincinnati wani ya ɗauka na gaske ne, har aka kama Key da Ogre.

Ba zan ja wannan hujja ta rufe dukkan ayyukansu ba. A faifan Last Rights na 1992, wanda aka naɗa Ogre na fama da shan ƙwaya, zafin ya koma cikin mutum ɗaya, kuma da wuya mai sauraro ya nuna wa ake ƙara. A nan kam mai suka yana da ɗan abin faɗa.